Azal da Abada: Ma'anar Dawwamar Allah a Koyarwar Kirista

Kalmomin da Hausa ta ke amfani da su wajen zancen dawwamar Allah aro ne daga Larabci. Akwai azal, watau rashin mafari. Akwai abada, watau rashin matuƙa. Akwai kuma dawwama, ɗorewa ba yankewa. Malaman Musulunci ne suka shigo da su tun da daɗewa, kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara kuwa suka tarar da su a bakin jama'a, suka yi ta ɗauka. Amma fa duka ukun da lokaci su ke awo: ɗaya na duban baya, ɗaya na duban gaba, ɗaya na duban tsawo. Abin tambaya shi ne, ko koyarwar Kirista ta tsaya nan?

Kalmar olam ta Ibrananci da kalmar aion ta Helenanci, su ma asalinsu zamani mai tsawo su ke nufi. Duk da haka akwai wuraren da nassi ya wuce zancen tsawo. Zabura ta 90 da Wasiƙar Bitrus ta Biyu, sura ta 3, sun daidaita shekara dubu da yini guda a wurin Allah. A Bisharar Yohanna kuma, sura ta 8, an faɗi samuwar Ibrahim da aikatau na abin da ya auku ya wuce, aka faɗi kasancewar Almasihu kafinsa da aikatau na lokaci mai ci. A nahawu wannan karya ƙa'ida ne, amma da gangan aka karya ta.

Wanda ya fi tsayawa kan al'amarin shi ne Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430. Masu gardama suna tambaya, me Allah ya ke yi kafin ya halicci sama da ƙasa? Agustin ya amsa cewa tambayar ba ta da tushe, gama lokaci kansa halitta ne, inda babu lokaci kuwa babu "kafin". Bowisiyus, wanda aka kashe wajen 524, ya ƙara bayani cikin littafin da ya rubuta a kurkuku: dawwama ita ce mallakar rai marar iyaka gaba ɗaya, ba kashi-kashi ba. Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya buga misali da matafiya. Wanda ke cikin ayari ba ya ganin na bayansa, amma wanda ya hau tudu yana hangen ayarin duka a duba ɗaya. Haka jiya da yau da gobe su ke a gaban Allah, sarautarsa kuwa ta game su duka.

Wannan ba gardamar kalmomi kawai ba ce. Ariyus na Iskandariya ya koyar cewa da can Ɗan bai kasance ba, sa'an nan ya kasance. Majalisar Nikiya ta 325 ta ƙi wannan magana, domin wanda ke da mafari halitta ne, halitta kuwa ba a yi mata sujada.

Ba dukan masana Kirista suka bi Agustin ba. Oskar Kulman, cikin littafin da ya fitar a 1946, ya ce dawwamar da Sabon Alkawari ya sani lokaci ne marar iyaka, zancen fita daga lokaci kuwa gādon falsafar Helenawa ne.

To, a nan ne nauyi ya hau kan mai fassara da malamin aji. In an ce Madawwami aka yi shiru, ɗalibi zai ɗauki ma'anar tsawon zamani kaɗai, ya zaci ita ce koyarwar duka, alhali ra'ayi ɗaya ne cikin biyu. Wajibi ne a bayyana wace ma'ana a ke nufi, gama kalmar ba za ta faɗa da kanta ba.