Giginyar da ke Cikin Hoton Kakanmu

A cikin akwatin marigayi mahaifina na tsinci wani tsohon hoto marar rubutu a bayansa. Kakanmu ne tsaye gindin wata giginya tilo, ga ganuwa can nesa. Na daɗe ina neman dutsen tunawa irin na Turawa a cikin hoton, ban gani ba. Gwaggona ce ta warware mini. Ta ce, "Ɗana, itacen nan shi ne shaidar. Nan mahaifinsa ya faɗi."

Wannan fili, kudu da ganuwar Sakkwato, shi ne inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kara da rundunar Kanar Morland ranar 15 ga Maris, 1903. Daga nan ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi cikin Yuli na shekarar. Sunan itacen ne filin wasa da barikin soja na Giginya suka gada.

Saboda haka ina roƙon malamai su sa ɗalibai su kai tsofaffin hotuna wurin dattawa, a rubuta bayani a bayansu. Gwaggona ta rasu wata uku bayan hirarmu. Allah ya jiƙan magabata.