Tsohuwar kwamfuta da haruffa masu ƙugiya: a ceci rubutu kafin a gyara na'ura

Daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, kan babbar hanyar da ta ratsa jahar Maraɗi, aikin takarda ya ƙaru tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar 2004, kuma Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Gidan meri na buga sanarwa, ƙungiyar manoma na buga farashin aya da gyaɗa, ɗan kasuwa na buga jerin hajarsa. Wanda ya gaji tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, ko ya saye ta ta hannu, yakan tarar da FrontPage a cikinta, wato manhajar tsara shafin intanet. Tana aiki har yanzu, amma tana da cututtuka sanannu, kuma kowace da maganinta.

Kamfanin Microsoft ya sayi FrontPage a 1996, ya fitar da ta ƙarshe a 2003, ya daina yin ta a 2006. Shi kuwa Windows XP, wanda ya fito a 2001, an janye masa kulawa ranar 8 ga Afrilu 2014. Mai wannan na'ura ba shi da kamfanin da zai kai wa kuka. Sai ya san kan abinsa.

Cuta ta farko, kuma mafi muni ga mai rubuta Hausa, ita ce ta haruffa huɗu: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsarin da aka gina tsofaffin na'urori a kai, mai suna Windows-1252, an yi shi ne don harsunan Turai ta yamma, babu gurbin waɗannan haruffa a ciki. Saboda haka a shekarun 1990 aka ƙera wasu nau'o'in rubutu na musamman, inda ake cire wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana ƙ ko ɗ a gurbinta. A na'urar da aka buga takardar, komai daidai. Da an kai ta wata na'ura marar wannan nau'in rubutu, sai tsohuwar alamar ta dawo, kalma ta zama shirme. Wasu sakatarori kan gaji su yar da ƙugiyar baki ɗaya. Nan ne "ƙara" ke komawa "kara", "baƙi" su koma "baki". A takardar shari'ar gona ko ta cinikin hatsi, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Maganin yana cikin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ na da 595, ɗ na da 599, ƙ na da 409, ƴ na da 436. A FrontPage, sai a shiga bayanan shafi, sashen harshe, a zaɓi UTF-8. Daga nan a bi tsohon rubutu da "nemo ka musanya", harafi bayan harafi, ƙanana huɗu da manya huɗu, a kuma karanta da ido, domin alamar da aka ara tana iya fitowa da ma'anarta ta asali cikin sashen Faransanci. Idan bayan haka allon ya nuna ƴan akwatuna a gurbin haruffan, rubutun lafiya yake, nau'in rubutun ne ba shi da su. A Windows XP, Lucida Sans Unicode na ɗauke da su. Arial da Times New Roman sun same su ne tare da Windows Vista.

Cuta ta biyu ta agogo ce. A cikin na'urar akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032. Idan ya mutu, kwanan wata sai ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kashe wuta, shafukan intanet masu tsaro su ƙi buɗewa, takardu su ɗauki kwanan watan ƙarya. Canza batirin aikin minti biyar ne.

Ta uku takan bayyana ranar aika shafi. FrontPage ta dogara da wasu kayan haɗi na musamman da kamfanonin ajiye shafuka suka daɗe da watsarwa, shi ya sa maɓallin wallafawa ke tsayawa cak. Hanyar FTP ce mafita inda kamfanin ya yarda da ita. Hoton da ya fito a biro amma ya ɓace a intanet, galibi adireshinsa na nuna faifan na'urar ne. A tara hotuna a jaka ɗaya da shafin, a ba su suna gajere, ba tazara, ba wasali mai hula.

Sai dai gyara na da iyaka. A watan Mayu 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har Microsoft ya fitar wa XP da gyaran gaggawa. Hikima ita ce a raba tsohuwar na'ura da intanet, a yi aikin tsarawa a kanta, a ɗauki shafin cikin kile da aka bincika, a aika daga sabuwar na'ura. Ga kuma batun wuta. Layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma a watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke shi har zuwa Maris 2024. Kowace ɗaukewar wuta ta ba-zata na rage kwanan tsohon faifai, ƙurar hunturu kuma na toshe fankarsa.

Don haka aikin farko, kafin a kwance ko da kusa ɗaya, shi ne a kwafe dukkan takardu wuri biyu, tare da tsohon nau'in rubutun da aka buga su da shi, domin shi ne mabuɗin karanta su. Rigakafi ya fi magani. Na'ura idan ta mutu ana samun wata a kasuwar Maraɗi ko ta Kano. Rajistar ƙungiya ta shekara goma kuwa, babu kasuwar da ake sayar da ita.