Shuɗiyar tsaka ta dajin Kimboza

Kowa ya san tsaka, mai fitowa da dare bisa bangon ɗaki tana farautar sauro. Tana da ƴan'uwa iri-iri a duniya. Ɗaya daga cikinsu tana ƙasar Tanzaniya, a dajin Kimboza da ƴan dazuzzukan da ke kusa da shi.

Wannan tsaka ƙarama ce, tsawonta kamar yatsan babban mutum. Da rana take yawo. Namijin shuɗi ne, sai ka ce an tsoma shi cikin baba. Macen kuwa kore-kore ce da ruwan ƙasa. Itace iri guda take zama bisansa, sunansa pandanus, mai dogayen ganye masu ƙaya. Tsakanin ganyen nan take samun ƙwari da ruwan sha, nan kuma take manna ƙwanta guda biyu.

Kyaunta ne ya jawo mata masifa. Daga 2004 zuwa 2009 an kama dubbai, an sayar wa masu kiwonta a Turai da Amurka. Masu kamun sukan sare itacen kafin su kai gare ta: an ɗauke tsaka, an rushe gidanta. Gobarar daji ma tana cinye itatuwan.

Tun 2017 aka hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Mutanen ƙauyukan kewayen Kimboza suna share hanyoyin tare wuta. Suna kuma sare sedirela, wani itacen da aka kawo daga waje, wanda ke danne pandanus.