Daga giren da dirhami zuwa giram: yadda ake juya ma'aunin magani na dā

Duk ƙwayar maganin da ake bai wa majinyaci a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko a ɗan kemis na Kiyawa da Birnin Kudu, tana ɗauke da nauyinta a miligiram, wato kashi ɗaya cikin dubu na giram, amma da yawa daga cikin lambobin da ke jikin kwalayen gādo ne daga wani tsohon ma'auni da masu haɗa magani na Turai suka yi amfani da shi ɗaruruwan shekaru. Da shi Turawan mulki suka zo, da shi kuma aka rubuta magani a ɗakunan shan magani na En'e tun Dutse tana gunduma a ƙarƙashin Kano, kafin Ingila ta soke shi a 1971, Nijeriya kuma ta kafa dokar awo da ma'auni ta 1974 wadda ta ɗora ƙasar a kan giram da kilo.

Tushen wannan ma'auni shi ne giren, wanda asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ɗaya ne, aka kuma tsayar da shi a kan miligiram 64.8 bisa yarjejeniyar 1959. Giren 20 su ne sukurful ɗaya, kimanin giram 1.3, giren 60 su ne diram ɗaya, giram 3.89, giren 480 su ne oza ɗaya, giram 31.1, oza 12 kuma su ne laba ɗaya, giram 373. Lissafin bai wuce ninkawa ba, domin giren 5 na kwinin da Turawa suke sha kullum don gudun zazzaɓin cizon sauro, idan aka ninka da 64.8, miligiram 324 ke nan. Sai dai masu haɗa magani ba su ɗauki lambar yadda ta fito ba: Ingila ta zaftare asfirin mai giren 5 zuwa miligiram 300, Amurka ta ɗaga shi zuwa 325, shi ya sa ƙaramin asfirin da ake bai wa masu ciwon zuciya yakan zo a 75 daga wannan kamfani, a 81 daga wancan.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen sunayen, domin suna ɗaya yakan ɗauki nauyi biyu. Ozar kanti, wadda aka auna kayan masarufi da ita, giram 28.35 ce, ta gaza ozar magani da kusan kashi tara cikin ɗari, alhali labar kanti mai oza 16 giram 454 ce, ta ɗara labar magani nesa ba kusa ba. Diram na kanti kuwa giram 1.77 ne kacal, bai kai rabin na magani ba. Wanda ya juya tsohuwar takarda ba tare da ya fara tantance wane tsari marubucinta ya bi ba, zai iya ninka magani ko ya raba shi biyu, alhali lissafinsa daidai ne ƙwarai.

A ƙasar Jigawa wannan matsala tana da fuska ta biyu wadda ta fi ta Turawa shafar jama'a, domin littattafan ɗibbu na Larabci da malaman zaure suke karantawa, waɗanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubutu a fagensu kafin rasuwarsa a 1837, da dirhami da miskali da ukiya suke auna magani. Miskali shi ne nauyin dinarin da Halifa Abdulmalik bn Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, wanda aka auna a giram 4.25, dirhamin shari'a kuma kashi bakwai cikin goma ne na miskali, wato giram 2.975, ukiya kuwa a wajen malaman fiƙihu dirhami 40 ce, giram 119. A kan haka aka gina nisabin zakka, dinari 20 ko giram 85 na zinariya, da dirhami 200 ko giram 595 na azurfa, kuma da yake kasuwar duniya har gobe da oza mai giram 31.1 take sayar da zinariya, masu lissafin nisabi da sadaki suna aiki da tsohuwar ozar nan ko sun sani ko ba su sani ba.

Kamanin suna yakan sa mai fassara ya ɗauki dirhami a matsayin diram, wanda hakan ƙari ne na kimanin kashi talatin cikin ɗari, kuma ko ƙwayar sha'ir ɗin ba ɗaya ba ce: Malikiyya sun ƙidaya ƙwaya 72 a dinari, abin da ke ba kowace ƙwaya kimanin miligiram 59, ba 64.8 na giren ba. Ukiyar likitocin Larabawa ma ta gaza ta malaman fiƙihu sosai. A kan zuma ko dabino wannan bambanci ba ya kashe kowa, amma abin damuwa ne matuƙa a kan tsiro mai kaifi irin su zaƙami, wanda tazara tsakanin magani da dafi a cikinsa ƙanƙanuwa ce, musamman ga yaro ko mace mai ciki.

Galibin masu sayar da maganin gargajiya a kasuwannin Shuwarin da Sara ba da nauyi suke awo ba, da cokali ne ko murfin kwalba ko tafin hannu, waɗanda cika suke aunawa. Ƙaramin cokali mai mililita 5 yana ɗaukar giram 5 na ruwa, kimanin giram 7 na zuma, garin busasshen ganye kuwa da ƙyar ya kai rabin na ruwa, saboda haka babu wata lamba guda da za ta mayar da dirhamin littafi zuwa cokali. Ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal, mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, shi ne ya kamata ya zauna a gaban duk mai haɗa magani daga littafi, domin da shi ne kawai dirhami uku za su fito giram 8.93 a kan kowane irin gari.