Kafin Ka Sayi Na'urar Saita Injin Mota

Jama'a, motocin zamani suna da ƙwaƙwalwa. Ita ce ke auna man da inji zai sha. Akwai wata 'yar na'ura, kamar wayar hannu, da ake jona mata a ƙarƙashin sitiyari, wurin nan mai ramuka 16.

Na'urar iri biyu ce. Ɗaya tana faɗin ciwon mota kawai. Ɗaya kuwa tana canza saitin inji don ya ƙara ƙarfi. Ita ce mai haɗari.

Kafin ka saya, duba abu uku:

1. Shekarar motarka. Motocin Amurka suna da wurin jonawar tun 1996, na Turai masu shan fetur tun 2001.
2. Na'urar ta dace da irin injinka.
3. Ta iya ajiye saitin asali, don a mayar in an sami matsala.

Wani saitin sai da fetur mai kyau ƙwarai. In ka zuba gurɓataccen mai, inji zai yi zafi, har ya buga. Kuɗin gyara ya fi kuɗin na'urar.

Na'ura ba ta warkar da inji mai ciwo. Fara kai wa bakanike ya duba fulogi. Rigakafi ya fi magani.