Kada Muryar Mawaƙa Ta Lalace Tare Da Faifai

A Hawandawaki, cikin gundumar Tasawa ta jahar Maradi, kamar sauran garuruwanmu na kusa da iyakar Najeriya, akwai gidajen da suka ajiye faya-fayan CD cikin adaka: waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da na Ɗan Gurmu, karatun malamai, har da kiɗan bikin gida. Masu su suna zaton sun yi ajiya, alhali kuwa ajiyar tana lalacewa a hankali.

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da CD a shekarar 1982. Amma da yawa daga cikin faya-fayan da aka saya a kasuwanninmu kwafe ne, irin da ake kira CD-R. Sautinsu yana rubuce ne a jikin wani siririn rini wanda zafi da hasken rana ke ci. Zafin bazara a nan yakan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana karce faifai.

Maganin abin shi ne a juye sautin cikin kwamfuta tun faifai yana da rai. Sai dai akwai tarko. Idan na'urar karanta faifai ta ci karo da karce, takan yi ƙiyasi ta cike gurbin, ta wuce ba tare da ta sanar ba. Sai daga baya a ji waƙa tana tsalle, wata kila bayan faifan ya riga ya mutu.

Saboda haka, da farko a share faifai da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. A rage gudun na'ura, domin ta ƙaramar kwamfuta siririya ce, gaggawa tana ƙara mata kuskure. A yi aiki da manhaja irin Exact Audio Copy, wadda wani Bajamushe, Andre Wiethoff, ya fito da ita a 1998. Ita tana maimaita karatu tana gwadawa, ta kuma nuna inda ta sami tangarɗa.

Wajen ajiya, a zaɓi tsarin FLAC, wanda ba ya zubar da kome daga sautin. MP3 ya fi sauƙi a waya, amma abin da ya yanke ba ya komowa. A rubuta sunan mawaƙi, da garin, da shekara, sannan a ajiye kwafi biyu a wurare dabam. A tuna kuma, ajiya dabam, sayarwa dabam: hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawaƙa a Nijar.

Tun 1968 cibiyar da a yau ake kira CELHTO, a Yamai, take tattara adabin baka na Afirka. Amma ba za ta iya shiga kowace adaka ba. Shata ya rasu a 1999, faya-fayansa kuwa suna hannun dubban mutane. Shi kuwa makaɗin ƙauye da aka ɗauki muryarsa sau ɗaya a wajen biki, wata kila faifai guda ne kaɗai ya rage nasa a duniya. Wanda ke riƙe da shi, amanar tana wuyansa.