Ƙaura da Sauyin Matsayi a Al'ummar Hausawa: Tasirin Asali da Dukiya da Jinsi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe mutum ne mai yawan tafiye-tafiye. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke ɗauko goro daga Gwanja, almajirai ke nausawa gabas neman karatu, manoma kuma ke fita cin rani da zarar an kawar da amfanin gona. Wannan babi zai duba dangantakar da ke tsakanin irin wannan sauyin wuri da sauyin matsayi, wato hawa ko saukar darajar mutum a idon jama'a. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa barin gida ya daɗe da zama babbar hanyar da mai ƙaramin matsayi ke bi ya ɗaukaka, sai dai hanyar ba a buɗe take ga kowa daidai wa daida ba. Abubuwa uku ne ke faɗaɗa ta ko su ƙuntata ta, su ne asali da dukiya da jinsi.

2.0 Tsarin Matsayi a Gargajiyance

A gargajiyance al'ummar Hausawa ta kasu gida biyu ta fuskoki biyu. Ta fuskar mulki akwai masu sarauta da talakawa, ta fuskar 'yanci kuma akwai 'ya'ya da bayi. A tsakanin talakawa, sana'a ce ma'aunin daraja. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya gudanar da bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a 1959 cewa masu sarauta ne a sama, sai malamai da attajirai, sai manoma da yawancin masu sana'ar hannu, sannan a ƙasa akan sanya irin su mahauta da makaɗa da maroƙa da 'yan dako. Ya kuma bambanta karda, wato sana'ar da mutum ya gada, da shigege, wato wadda ya shiga da rana tsaka. Mai gado ya fi mai shigege kwarjini a cikin sana'a, shi ya sa ake cewa "kyan ɗa ya gaji ubansa."

Ya kamata a lura cewa wannan tsari bai kai tsaurin na ƙasar Indiya ba, inda ake haihuwar mutum a cikin rukuni, ya yi aure a cikinsa, ya mutu a cikinsa, har ma akwai waɗanda ake ƙyamar taɓa jikinsu, al'adar da tsarin mulkin ƙasar na 1950 ya haramta. A ƙasar Hausa ɗan mahauci yana iya zama malami, kuma masallaci ɗaya ake shiga, akushi ɗaya ake sa hannu. Haka kuma an sami bayin sarki masu riƙe da manyan muƙamai, kamar Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a fadar Kano, waɗanda ikonsu ya fi na 'ya'ya da yawa. Duk da haka asali yana da nauyinsa, kuma inda nauyin ya fi bayyana shi ne wurin neman aure da neman sarauta.

3.0 Yadda Ƙaura ke Sauya Matsayi

Asali abu ne da ke rayuwa a bakin waɗanda suka san mutum. A garin haihuwa kowa ya san kakan wane da sana'ar gidansu, amma a baƙon wuri abin da ke hannun mutum da halinsa ake fara gani. Karin maganar nan "giwa a garin wani zomo ce" tana nuna babba na ƙanƙancewa idan ya bar gida. Dalilin da ya sa haka shi ne kuma ke ba ƙarami damar girma, domin a can babu mai tuna masa da inda ya fito.

Tarihin fatauci ya tabbatar da haka. Binciken Paul Lovejoy (1980) a kan cinikin goro ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa sun gangaro ne daga ƙasar Azbin, kuma yawancinsu daga rukunonin da ke ƙarƙashin manyan Abzinawa suka fito. Da suka zauna a ƙasar Kano da Katsina suka rungumi harshen Hausa da fatauci, sai sunan nasu ya koma alamar arziki. Daga cikin Agalawa ne aka sami Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Ya yi cinikin goro a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ya dawo Kano ya shiga cinikin gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, kuma lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Misali na biyu shi ne na bayi. Dokar da Lugga ya kafa ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901, ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungurungum a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. A tsakanin waɗannan shekaru ɗimbin bayi sun gudu daga rinjojin iyayen gijinsu, wasu kuma suka fanshi kansu da kuɗin da suka tara ta hanyar murgu, wato yarjejeniyar da bawa ke yi wa kansa aiki yana biyan ubangidansa wani abu. Da yawa sun nufi aikin shimfiɗa hanyar jirgi da haƙar kuza a Jos, ko zangunan Kurmi irin su Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916. A zango, harshe da addini da amana su ne ke sa a karɓi mutum a matsayin Bahaushe, kuma cikin zuriya ɗaya ko biyu akan manta da tushen iyali.

Ilimi ma tafiya yake buƙata, kamar yadda ake cewa "tafiya mabuɗin ilimi." Almajirin da ya bar ƙauye ya dawo alaramma ya sauya matsayinsa da na gidansu. Haka abin yake a karatun boko. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan gidan sarauta ba ne, ya bar ƙasar Bauchi zuwa Kwalejin Katsina, ya zama malamin makaranta, daga bisani ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957.

4.0 Shingen Dukiya da Asali

Waɗannan misalai ba su nufin duk wanda ya fita ya dace. Tafiya iri biyu ce, akwai ta mai jari akwai ta mai neman abin sawa a baka. Falke yana fita da dabbobi da haja da sunan maigidan da zai sauke shi ya tsaya masa a ba shi bashi. Ɗan cin rani kuwa ƙarfinsa kaɗai ya riƙa, sau da yawa ma don ya rage wa rumbu baki ne ya fita. Zai yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce ko gadi, ya dawo da damina da abin da bai wuce kuɗin taki da ɗinkin sallah ba. Ya sauya wuri, amma matsayinsa yana nan inda ya bar shi. Kenan jari da sanayya su ne ke mayar da tafiya ta zama tsani.

A fagen boko ma an fara da fifiko. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta ba 'ya'yan sarakuna da na malamai muhimmanci, domin Turawa ma'aikatan En'e suke son samarwa. Irin wannan rata tsakanin masu sarauta da talakawa ce ta haifar da jam'iyyar NEPU a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta.

Shi kuwa asali, yakan yi kwanton ɓauna ne. Mutum zai yi kuɗi a birni, ya je Makka, a riƙa ce masa Alhaji, amma ranar da ɗansa ya je neman aure sai a tura bincike garinsu. Idan aka dawo da labarin cewa gidan mahauta ne ko na maroƙa ko tsatson bayi, sai a ji an ce "an riga an yi mata miji." Wannan ɗabi'a ta saɓa wa koyarwar Musulunci da ta fifita addini da hali wajen zaɓen miji. Ta kuma saɓa wa manufar sashe na 42 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Bugu da ƙari, a yau akwai sabon shinge, wato takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifa a zango, kakansa ma can aka haife shi, yakan rasa gurbin karatu ko aikin gwamnati domin ana ɗaukarsa baƙo, a garin kakanninsa kuma babu wanda ya san shi.

5.0 Shingen Jinsi

Idan tafiya ce tsanin namiji, to mace an taƙaita mata hawansa. Babbar ƙaurar da al'ada ta tanadar mata ita ce ta ranar kai amarya, kuma matsayinta yakan rataya ne ga na uba, sannan na miji. Namijin da ya fita shi kaɗai ana ce masa mai neman na kansa, macen da ta yi haka kuwa akan yi saurin zarginta da zaman kanta. Ɗalibai za su iya ganin hoton wannan bambanci a littafin Shaihu Umar na 1934. Ɗa da uwa duk sun ƙetare Sahara a zamanin bauta, ɗan ya zama babban malami, uwar da ta bi sawunsa kuwa aka sayar da ita, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu.

Al'adar kulle ta ƙara fito da wani abin lura. Ga namiji, ɗaukaka tana tafiya da yawan fita, ga mace kuwa da yawan zama. Smith ya nuna cewa kulle ya yaɗu a karkara bayan gushewar bauta, domin a da kuyangi ne ke noma da itace da ɗiban ruwa, saboda haka barin aikin gona ya zama shaidar cewa mace 'ya ce. Wannan bai hana matan kulle neman na kansu ba. Binciken Polly Hill a Batagarawa da na Enid Schildkrout a Kano sun nuna yadda suke sana'ar ƙuli-ƙuli da fura da ƙosai da cinikin hatsi daga cikin gida. Sai dai wannan ciniki da ƙafar yara yake tafiya, musamman 'yan mata masu talla. Yarinyar da ke kan hanya da faranti a ka a lokacin da 'yan'uwanta maza ke aji, fitarta tana ƙara wa gida kuɗi, tana kuma rage mata damar ilimi.

Inda jinsi ya haɗu da asali da talauci, nauyin ninkuwa yake yi. A Jamhuriyar Nijar, an sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 a 1996 a ƙarƙashin al'adar wahaya, wato ɗaukar 'yar bayi a matsayin ta biyar bayan mata huɗu. A 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin ƙasar da laifin gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Ta fuskar siyasa ma, matan Arewacin Nijeriya ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba.

Amma tarihi ya nuna akwai mafita daga cikin al'adar kanta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis-jajis ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su karantar. Da wannan ta mayar da tafiyar mace don ilimi abin girmamawa.

6.0 Darasi ga Malami

Makaranta ita ce tsanin da ya fi kusa da ɗan talaka a yau, musamman tun bayan shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 da shirin ilimin bai-ɗaya na 1999. Malami na iya ƙarfafa wannan tsani, yana kuma iya karya shi. Wajibi ne ya guji kiran ɗalibi da sana'ar gidansu da sigar gori, ya kuma tsawata idan wasan barkwanci tsakanin yara ya rikiɗe ya zama cin fuska. Wajen koyar da sana'o'in gargajiya, ya nuna cewa ba don maƙeri ba da manomi bai sami fartanya ba. Ya lura da yaran da ke ɓacewa da rani saboda iyaye sun tafi cin rani, da 'yan matan da talla ke makarar da su, ya tuntuɓi iyaye da mai unguwa a nemi maslaha kafin a kai ga bulala. Wajen naɗa shugaban aji kuwa, cancanta za a duba ba gidan da yaro ya fito ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ƙaura ta ɗaukaka fatake da 'yantattun bayi da masu neman ilimi, an kuma ga cewa dukiya ta fi saurin sauyawa a kan asali, sannan mace ta fi namiji fuskantar shinge a kan hanya. Fahimtar wannan zai taimaki malami ya gane cewa yaran da ke gabansa ba daga wuri ɗaya suka faro tseren ba, don haka wasu sun fi buƙatar a kama hannunsu.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin karda da shigege tare da misalai daga garinku.
2. Me ya sa cin rani bai cika sauya matsayin mutum kamar fatauci ba?
3. Tattauna alaƙar kulle da talla da ilimin 'ya'ya mata.
4. Kawo hanyoyi uku da malami zai bi ya rage gorin asali a cikin aji.